Dala Ɗarin Inna

Yatsun ƙafata ta hagu huɗu ne. Na fara da wannan ne saboda duk wadda ta san ni a garin Garwa na ƙasar Kamaru ta san da zancen, kuma kowacce da irin labarin da take bayarwa. Wasu sun ce jifa aka yi min, wasu sun ce abokan sana'a ne, akwai ma wadda ta rantse asiri na taka a gidan biki. Ko ɗaya babu. Ni na san abin da ya ci yatsan nan, kuma ya fara cinsa tun ina 'yar shekara 11.

A Garwa aka haife ni a 1983. Kakanmu na wajen uba fatauci ne ya kawo shi daga ƙasar Kano, bakin Binuwai ya yi masa, ya zauna. Mu kuma muka tashi da Hausa a gida, Fillanci a kasuwa, Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Baba tela ne, keke ɗaya a zaure. Inna tana suyar ƙosai da safe, da yamma ta dama kunun gyaɗa mu kai tasha. Ba mu da shi, amma asirinmu a rufe yake.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin da muke kashewa. Faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Ni lokacin ban san wannan lissafin ba. Abin da na gani, yadi da zare sun yi tashin gwauron zabo, masu kawo ɗinki sun koma kawo faci, keken Baba kan wuni a lulluɓe da tsumma. A cikin wannan bazarar ne aka yi auren 'yar ƙawar Inna, ƙawarta ta biki.

Matan da suka san harkar ba sa buƙatar bayani, amma saboda maza masu karatu bari in faɗa. Idan kina da suna ko aure, ƙawar bikinki ta kawo miki gudummawa, to bashi ne kika ci. Ranar nata sai ki mayar ninki. Ta kawo jaka ɗaya, wato sefa dubu, ki kai biyu, in naki ya sake zagayowa ta kawo huɗu. Haka abin yake hawa. Wannan matar ta kawo wa Inna jaka ɗaya ranar sunan autanmu, saboda haka jaka biyu ake jira daga hannun Inna.

Ni na raka ta. Ban daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ƙafafuna ma suna rawa, amma na dage sai na je don in ci shinkafar biki. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ajiye babban faranti, mai shela tana karɓa tana ɗagawa sama: wance jaka biyar, a rangaɗa guɗa. Wance jaka uku da turmi, guɗa. Da aka zo kan Inna sai matar ta kwance bakin zanen da kuɗin ke ciki, ta juya shi, ta sake dubawa ko wani ya maƙale, sannan ta ce, "Dala ɗari." Sefa 500 ke nan. Ba a yi guɗa ba. Wata daga gefen randa ta ce, "Cinikin ƙosan yau ne," aka kwashe da dariya. Ina tsaye a bayan Inna riƙe da takalmanta. Na ga ta yi murmushi, ta gyara mayafi, ta jawo kwanon da aka ajiye mata ta ci abincinta. Ni kuwa ko loma ban iya haɗiyewa ba. A hanyar gida na yi wa kaina alkawari, irin alkawarin yaro da ba ya faɗa wa kowa, cewa in dai na girma ba za a taɓa kiran sunana a tsakar gida a yi shiru ba.

An yi min aure a 2001. Maigidana bakaniken babura ne, mutum mai sanyi, wanda in ya samu na cefane da kuɗin makarantar yara shi ke nan duniya ta yi masa daidai. Ni kuma wannan sanyin nasa haushi yake ba ni. A 2006 na kwashi adashin jaka talatin, na roƙe shi ya bar ni in bi wata maƙwabciyarmu Mubi. Ya yi jim, ya ce, "Sau ɗaya a wata." Na ce to.

Hanyar na san ta kamar tafin hannuna: Garwa zuwa Gidar, a hau duwatsu zuwa Bukula, a tsallaka Sahuda, sai Mubi. Ka canza sefa zuwa naira wajen 'yan canji, ka saro, ka dawo kana lallashin duwan, wato kwastan, da jandarma shinge bayan shinge. Na fara da turmi shida. Allah ya sa min albarka a ido, ina gane zanen da mata za su so tun kafin ya shigo gari. Cikin shekara uku Mubi ta yi min kaɗan, na koma shiga motar dare zuwa Kano, Kantin Kwari, in ɗauko atamfa da leshi da shadda. Duk wadda za ta fitar da anko a unguwarmu da kewaye, ni take nema. Watan Maris kuma in haɗa da zanen ranar mata na masaƙar CICAM da ma'aikata ke rububi. Sau ɗaya a wata ya koma sau uku, Malam bai ce komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Mutane suka fara kirana Hajiya, alhali jirgin alhazan da ke tashi daga Garwa a sama kawai nake ganinsa. Sau biyu ina tara kuɗin kujera, sau biyu biki yana cinye su. Don kuwa da kasuwa ta buɗe, ƙawayen biki ma suka buɗe. Matar ɗan kasuwa, matar babban ma'aikaci, wadda ta sayi anko sau ɗaya ta gayyace ni, duk na shiga littafinsu, suka shiga nawa. Littafi ne na gaske, irin na 'yan lakwal mai bango shuɗi, kowacce da shafinta: abin da ta kawo min, abin da na kai mata, abin da ke gaba. Kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ranar da aka fara ɗaga kuɗina aka ce jaka hamsin da turmi biyu, guɗa ta tashi har sau uku, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Na waiga ina neman Inna a cikin taron don ta gani. Ba ta zo ba, tana gida da yarana.

Kullum tana gida da yarana. Huɗu na haifa, kuma in an bi gaskiya ita da 'yar farina suka rene su.

A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka shiga Mubi. Mutane suka watse, wasu ta duwatsu suka gangaro ɓangarenmu da abin da ke jikinsu kawai. Ina da kaya da na riga na biya a wani shago, na sefa miliyan ɗaya da dubu 800, ina jira a haɗa min. Ban sake ganin kayan ba, kuma ban ga fuskar tambaya ba, mutumin da ya tsira da ransa da ƙyar. Mai hankali a nan zai ja birki. Ni kuwa a watan da ya biyo baya akwai bukukuwa uku a littafi, kuma na kai wa kowacce ninkinta cif. Da me? A lokacin ni ce uwar adashi har rukuni uku, ɗaya na mako, biyu na wata. Kuɗin mutane suna kwana a akwatina. Na ce bari in ɗan taɓa, in kaya sun fita in mayar. Na mayar kuwa a karon farko. Shi ya sa na biyun bai yi min wuya ba.

A 2017 ƙishirwa ta dame ni. In sha ruwa kamar raƙumi, in tashi fitsari sau biyar a dare, wata rana na ga kiyashi sun taru a inda na tsuguna. Aka auna ni aka ce suga, giram 2.9, alhali na mai lafiya da bai karya ba bai kamata ya wuce giram ɗaya da ɗan kaɗan ba. Likita ya rubuta ƙwaya, ya ce in bar lemon kwalba, in rage shinkafa, in riƙa duba ƙafafuna kowane dare. Na yi mamakin zancen ƙafa, me ya haɗa suga da ƙafa? Ƙwayar kuma tana ɓata min ciki, to wa zai sha ta ya shiga motar dare zuwa Kano? Sai na riƙa sha in ina gida, in ajiye in zan yi tafiya. Wanda kuwa rabin watansa a hanya yake, rabi a gidan biki, ka san nawa ya sha.

Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta. Kaya suka koma bin daji a bayan babura, kuɗin dako ya ninka. Na haɗa babban sari da kuɗin da rabinsu ba nawa ba ne, aka kama shi gaba ɗaya. Kafin in farfaɗo korona ta shigo, taro ya ragu, anko ya tsaya, amma masu zubi ba su daina zuwa kwasa ba. In ɗebi na wannan rukunin in toshe ramin wancan. Dare ya yi in kwanta ido biyu ina lissafi. Da safe in yi wanka, in sa gwal, in fita ina fara'a, don ranar da aka ga uwar adashi ba sarƙa a wuya, ranar kowa zai zo neman nasa.

Aka buɗe iyaka a Disamban 2020. Bukukuwan da aka ɗage duk suka taso a kan watannin gab da azumi. A cikinsu akwai na wata babbar ƙawata ta biki a Marwa, a watan Maris na 2021, kuma jaka 200 ke kaina. Na ciro su daga adashin mako. Aka yi min ƙunshi, baƙin lalle har idon sawu. Na sa sabon takalmi mai tsini da na sayo a Kano, ya ɗan matse ni amma shi ya dace da leshin. Kwana uku ina tsaye a cikinsa, zafin Marwa yana dukan ƙasa, ni ce rabon abinci, ni ce tarbar baƙi. Ban ji ciwon komai ba. Aka ɗaga kuɗina, aka yi guɗa.

A motar dawowa, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya, matar da ke kusa da ni ta yi ta toshe hanci da mayafi tana leƙa ƙarƙashin kujera. Ni ma na taya ta dubawa, ina cewa wataƙila wani ya taho da kifi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai da na iso gida, 'yar farina ta kawo ruwa za ta gasa min ƙafa, ta cire takalmin, ta saki ƙara. Ƙaramin yatsan ya fashe ta gefe, yana ruwa. Baƙin da ya yi kuma ya saje da lallen, ba ka cewa ga inda ƙunshi ya tsaya ga inda nama ya fara mutuwa.

Ko a nan ban tafi asibiti ba. Akwai wani bikin ranar Asabar. Na sa aka kawo min garin magani na barbaɗa, na ɗaure da tsumma, na sa silifa na tafi. Sai da zazzaɓi ya kayar da ni, ƙafar ta kumbura har ƙwauri, Malam ya ɗauke ni ba tare da ya nemi shawarata ba. Ina jin shi ne karo na farko da ya yi hakan tun aurenmu.

Likitan ya ɗauki wani ɗan tsinke ya ce in rufe ido, in faɗa masa duk inda na ji ya taɓa. Na yi shiru ina jira ya fara. Ashe ya gama. Ya ce, "Hajiya, sugan da ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jini. Takalmi ya yanka ki ba ki ji ba, jini kuma bai isa wurin ba balle ya warke." Ranar sugana ya haura giram huɗu. Ya ce in an cire yatsan yau, ana sa ran ƙafar za ta tsira. Malam ya sa hannu.

Kwana 24 na yi a kwance, azumi ma a can ya same ni. Ba zan zalunci mutane in ce ba su zo ba. Sun zo, da kunu a fulas, da ayaba, da addu'a. Amma labari ya riga ya fita, kuma bayan an yi min sannu sai a ɗan yi shiru, a ce, "To Hajiya, ya zancen kwasata?" Haƙƙinsu ne. Wadda ta fi tsaya min a rai wata bazawara ce mai suyar awara, da take zuba jaka biyar duk mako tana tara kuɗin makarantar 'ya'yanta uku. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zauna a bakin gado ta yi ta murza gefen mayafinta, ta tashi ta tafi. Da na sa 'yata ta haɗa lissafi, abin da ke kaina sefa miliyan huɗu da dubu 600 ne.

Inna ce take kwana da ni. Tsohuwa mai shekara kusan saba'in, a tabarma a ƙasan gado. Wani dare an ɗauke wuta, zafi ya hana kowa barci, tana yi min fifita da murfin kwali, sai kuka ya ƙwace min. Na ce, "Inna, duk saboda ke na yi."

Ta ce, "Saboda ni kika yi me, 'yar nan?"

Na ba ta labarin ranar. Tabarmar, farantin, matar gefen randa, dala ɗari. Na faɗa mata har kalar mayafin da ta yafa. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Au, bikin gidan su wance? An yi dariya ne?"

Na ɗauka kawaici take yi. Na ce an yi mana, har cewa aka yi cinikin ƙosai ne.

Ta ce, "To ai cinikin ƙosan ne. Jaka biyun na tara ta cif a asusu, saura kwana goma biki kika kwanta. Ba ki tuna ba? Idonki ya juye, kina sambatu. Allura ta yi tsada lokacin, babanki ba ko sisi. Na fasa asusun aka yi miki allurai na jaka ɗaya da rabi. Abin da ya rage na kai." Ta ci gaba da fifita. "Ni abin da na riƙe na ranar, kin tako da ƙafarki har gidan bikin. Ina ta satar kallonki ina cewa Alhamdu lillahi. Wa ya ji wata dariya?"

Shekara 27 ina rama mata abin da ita ba ta ma san an yi mata ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na tambaye ta ko ba ta ji nauyin ƙawarta ba, ta ce ta ji mana, ta je ta ba ta haƙuri daga baya, ta cika mata da kaka. "Amma na duba ne, in ban kai mata ba wa zai kwanta? Ba kowa. In ban kai ki ba fa?"

Washegari Malam ya zo da nasa. Ya bari Inna ta fita alwala, ya ce ɗanmu na biyu, mai shekara 16, rabonsa da aji tun Janairu. Yana bakin titi yana sayar da zuwa-zuwa, man fetur ɗin nan na kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, kuma an ga tiramol a aljihunsa. Na ce don me ba a faɗa min ba? Ya dube ni ya ce, "Sau biyu na fara miki zancen. Na farko kika ce in kin dawo daga Kano. Na biyu kina ƙunshi." Bai ƙara ko kalma ba, ya ɗauki kwanukan jiya ya fita.

Da aka sallame ni na sa aka kawo min littafin shuɗi. Sunaye 143. Na zauna da biro, ƙafa a kan matashi, ina bin su ɗaya bayan ɗaya da tambayar Inna. Wa zai kwanta in ban kai ba? Na kai ƙarshen littafin ban samu ko mutum ɗaya ba. Da na juya kan takardar adashi kuwa, tun layin farko na ci karo da mai awara da 'ya'yanta uku da za a koro a watan Satumba. Allurar insulin da aka ɗora ni a kai, in na fasa ni zan kwanta. Yaron nan kuma ya ma riga ya fara kwanciya, ni ce ban gani ba.

Na sayar da gwal ɗina duka, da filin da na saya a hanyar Pitowa da niyyar gina gidan da za a yi zancensa. Mai awara na fara biya, sannan masu ƙaramin zubi, manya na roƙe su su yi min haƙuri a riƙa ba su kaɗan-kaɗan. Wata ta kai ni gaban mai unguwa, kuma ban ga laifinta ba. Shekara biyu da wata biyar na ɗauka kafin in sauke na ƙarshe.

Sauke biki ya fi biyan bashi wuya. Na bi gidaje ina ɗingishi, ina cewa, "Yaya, na zo ne mu tsaya a nan. Abin da kika kawo min zan mayar miki daidai, ba ninki, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Zumunci yana nan, in kina da sha'ani zan zo in yi wanke-wanke." Wasu suka ce ba komai da baki, daga ranar ko a hanya sai su kau da kai. Wata ta ce min dama an san ƙarshen tashin balbela. Amma wata, matar da nake ganin ta fi kowa a cikinmu, ta jawo ni ɗaki ta rufe ƙofa ta fashe da kuka, ta ce sarƙar wuyanta ma ta aro ce, ta rasa wadda za ta fara faɗa ne kawai. Mun yi awa biyu muna dariya muna share hawaye. Yau ita ce ƙawata ta gaske, kuma tsakaninmu ba littafi.

Akwai inda har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, auren 'yar farina. An yi shi a ƙarshen 2021, ina tsakiyar biyan bashi. Yarinyar da ta ga na yi wa 'ya'yan wasu gudummawar jaka ɗari-ɗari, ita aka kai ta da gado da katifa da kujeru na talaka da tukwane. Dangin miji suka zo ganin ɗaki suka yi ta taɓe baki, maganar ta daɗe tana bin ta. Ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata. Ita ce ta rene min ƙannenta, ita ta ga yatsan, ita kuma ta biya kuɗin hankalin da na yi a makare. Mun shirya, tana zuwa duk Juma'a da jikana, amma ban taɓa ce mata na yi daidai ba. Haƙuri kawai na ba ta.

Yaron kuma mun sha fama. Na daina tafiya, saboda haka ina gida lokacin da yake shigowa, ina gida lokacin da yake son sulalewa. Da farko ko kallona ba ya yi, kuma da gaskiyarsa, baƙuwa ce ta tare musu a gida ta fara kafa doka. Na koyi yin shiru. In dafa abin da yake so in ajiye, in zauna kusa ina tsintar wake. Wata bakwai kafin ya fara ba ni labari da kansa. Ya bar ƙwayar, ya koma, ya sake bari. Yanzu yana garejin babansa, hannunsa ya faɗa, mutane har nemansa suke da suna. Lakwal dai ta wuce shi. Yaro ne mai kan lissafi, malamansa sun sha faɗa, ni ce ban taɓa zuwa na ji ba.

Yanzu sana'ata a zaure take, inda keken Baba yake a da, don mun dawo unguwar, kusa da Inna. Turmi goma zuwa sha biyar, turaren wuta, humra. Wani yaro ne yake saro min, ribar ba ta kai rabin rabin ta da ba. Adashi ɗaya nake yi, kuma ba ni ke riƙewa ba. Insulin ɗina yana cikin ƙaramin tulu da na binne a jiƙaƙƙen yashi a bayan ƙofa, saboda wutar Garwa ba abin dogaro ba ce, zafin Afrilu kuma yana haura digiri 40. Da asuba in na idar da salla in zagaya unguwa da takalmin yadi mai faɗi irin na tsofaffi. Da dare in ɗauki madubi da tocila in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya, tara. Lalle kuwa a hannu kawai. Akwai wani gwangwanin madara da nake jefa abin da ya samu da niyyar kujerar Makka, ni da Inna in Allah ya ara mana kwana. Tafiyarsa ta hawainiya ce, amma ba a taɓa buɗe shi ba.

Ba zan ce kwaɗayin guɗar ya mutu ba. Wani lokacin in na ji ana rangaɗa wa wata, sai in ji wani abu ya motsa min a ƙirji.

Watan jiya aka yi auren 'yar maƙwabciyarmu. Na je tun safe na yanka albasa, na wanke tukwane, da la'asar na miƙa jaka biyu. Mai shela ta san ni tun zamanin jaka ɗari, ta ɗaga kuɗin ta dube ni, ta faɗa da ƙaramar murya. Aka yi shiru, wata ta yi tari. Da na waiga sai na ga autata, 'yar shekara 11, tsaye a bayana riƙe da takalmana, ta ƙura wa farantin ido, ta cije leɓe.

Ban bari mun kai gida ba. A bakin famfon unguwa na tsayar da ita, na ce, "Kin san nawa ne a hannuna da safe? Jaka goma sha biyu. Shida na sayi allurata. Uku na biya miki kuɗin darasin yamma. Ɗaya na maganin ƙafar Inna. Biyun da suka rage su na kai." Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ta ce, "Umma, ai an yi miki dariya." Na ce na ji, kaɗan ce. Ta ce ita dai ba ta ji daɗi ba. Na ce ni ma haka, amma gobe in Allah ya kai mu za ta darasinta.

Muka iske Inna a tabarma tana jan carbi. Ba ta tambayi nawa na kai ba. Ta miƙo hannu ta ce ina alkakinta, yarinyar ta kwance ƙullin ta ba ta, ta ce a kawo mata ruwa a kofi ta jiƙa, haƙoran ba sa iyawa.